Mega Ɗayan da Ban Gano Ba

Kwamfutocin guda shida ne, tsofaffi, wata ƙungiya daga ƙasar waje ta aiko wa makarantarmu su kyauta a shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu. A lokacin ina koyar da lissafi a wata sakandare da ke gefen Gwarzo, iyalina kuma suna Kabo, don haka kullum ina bisa hanya a kan wani tsohon babur da ya fi ni sanin ramukan titi. Zamani ne na tsuke bakin aljihu. Alli ma sai an karya shi biyu ake ba malami, takardar jarrabawa kuwa ciki da baya muke amfani da ita. Duk abin da ya shigo makaranta sai an ƙirga shi an sake ƙirgawa, kuma ban ga laifin masu ƙirgar ba, domin abubuwa suna ɓacewa da gaske. Gilasan taga sun tafi ɗaya bayan ɗaya, kwan fitila ba ya kwana uku, har murfin rijiya an taɓa wayar gari babu shi.

Malamin kimiyya aka ba mabuɗin ɗakin kwamfutar. Kirista ne, mutumin kudancin Kaduna, shekararsa tara a Gwarzo. Matarsa tela ce, rabin matan unguwarsu wajenta suke kai ɗinki, biyu daga cikin 'ya'yansu uku kuma a garin aka haife su. Teburinmu ɗaya da shi a ɗakin malamai. Shi ya taɓa farfaɗo min da babur ɗina da wayar wata matacciyar fanka, ya kuma shekara yana yi min gori a kai. Yakan tsokane ni cewa ko ƙosai na saya sai na tambayi mai tuya nawa ne ya rage a kasko, saboda halina na ƙin faɗin abin da ban lissafa ba. Ni kuwa alfahari nake da wannan hali. Na taɓa yin kwas ɗin kwamfuta na wata shida a Kano, ina ji a raina duk yammacin jihar babu wanda ya kai ni.

Ƙarshen zangon karatu ya zo, mai sito ya fito da babban littafinsa. Dattijo ne mai tsauri, ba ya cin na kowa, amma tun da aka ɗora masa laifin gilasan taga ya zama ba ya yarda da ko inuwarsa. Ya shiga ɗakin kwamfuta riƙe da takardar da ta zo tare da injinan, yana bin ta layi-layi. Ya ƙirga akwatuna, ya ƙirga wayoyi, sai ya zo kan layin da aka rubuta cewa kowane inji yana da memori mega sittin da huɗu. Ya ce a nuna masa su.

Memori shi ne filin da inji ke shimfiɗa aikinsa muddin yana kunne, da mega ake auna shi kamar yadda ake auna hatsi da tiya. A zahiri wani ɗan allo ne siriri a cikin akwatin, bai kai rular ɗalibi tsawo ba, kuma kowa ya ji labarin yana da tsada a kasuwar Kano. Abokina malamin kimiyya da hannunsa ya tayar da janareta, ya kunna injin farko, ya nuna wa dattijon wurin da injin yake faɗin abin da yake da shi. Sittin da ɗaya ya nuna. Aka kunna sauran biyar, duk haka. Mai sito ya rubuta a littafinsa cewa takarda ta ce sittin da huɗu, inji ya ce sittin da ɗaya, uku babu. Ya tara na injina shida ya sami goma sha takwas, ya ja layi a ƙasa, ya wuce ofishin shugaban makaranta.

Da na ji labarin dariya na yi, don na san inda ukun suka shiga, ko dai ina zaton na sani. A cikin kowace kwamfuta akwai babbar manhajar da ke riƙe da injin gaba ɗaya, masu aikin suna kiran cibiyarta kanel. Ita ke raba wa kowane aiki wurinsa a cikin memori. To ita ma sai ta sami wurin zama, don haka takan ɗebi nata tukuna, sannan ta sanar da abin da ya rage. Babu hannun mutum a ciki. Na ce wa abokina ya kwantar da hankalinsa, magana ce ta minti biyar.

Bai yi dariya ba. Shekara ce da ko'ina ka zauna, a shagon mai shayi ko a ƙofar masallaci, zancen hukuncin ɓarawo ake yi. Kowa ya san shari'ar ba ta hau kan Kirista irinsa ba, babu kuma wanda ya ambaci kotu. Amma kalmar ɓarawo ta yi wani irin nauyi a shekarar nan, musamman a kan baƙo wanda ba musulmi ba. Wasu iyalai daga cocinsu sun riga sun ɗaure kaya sun koma gida saboda tsoron abin da ba a sani ba. Shi ya ce babu inda za shi, Gwarzo garinsa ne, mutanen garin sun san shi. Sunan nan da yake da shi a gari shi ne duk abin da ya mallaka, kuma a kansa ya zaunar da iyalinsa.

Shugaban makaranta mutum ne mai gudun magana. Ya miƙa zancen ga kwamitin iyaye da malamai, ya ce nan da mako guda a zauna, ni kuma in zo da bayani tunda na ce na iya. Man janareta na awa ɗaya a rana aka ba ni. In an tashi daga makaranta sai in shiga, abokina ya buɗe min ɗakin ya zauna a bakin ƙofa yana makin littattafai. Injin yakan rubuta wasu layuka a guje lokacin da yake tashi, a ciki kanel ke faɗin abin da ta ɗiba. Na yi ta kunnawa ina kashewa har na kwafe su da hannu. Na gano wurin da jikin kanel ɗin ya cinye, na gano na kayan aikinta, na gano wani yanki da injin ke warewa tun asali domin allon kallo da abin tayar da shi. Da na tara su sai suka ba ni mega biyu. Saura ɗaya. Injin ya nuna an ware shi, amma bai faɗi don me ba, littafin kwas ɗina kuma bai ce komai a kai ba.

Na faɗa wa abokina. Ya ce biyu cikin uku ai an ci jarrabawa. Na yi murmushi, amma a hanyar Kabo ran nan wani tunani ya shige ni, kuma sai yanzu da na tsufa nake iya faɗinsa. Na san ba a iya ɓantarar mega ɗaya daga jikin allo kamar ana ɓantarar rogo. Sai zuciya ta ce min, to in ya sauya allunan da wasu masu rauni fa? Na yi a'uziyya, na kori tunanin. Bai tafi duka ba.

Ranar Alhamis bayan azahar aka zauna, a cikin ɗakin kwamfutar. Shugaban kwamitin wani Alhaji ne, ɗan kasuwar hatsi daga Getso, dattijo mai farin gemu wanda ake kai wa rigimar gona da ta gado ya sasanta. Akwai iyaye huɗu, ɗaya daga Kara, sauran 'yan gari, sai shugaban makaranta da mai sito. Abokina ya sa farar rigarsa ta zuwa coci, ya zauna a gefe hannuwansa bisa gwiwa. Aka yi doguwar gaisuwa, aka tambayi gida da damina da gajiya, shi ma aka gaishe shi kamar kowa. Sannan mai sito ya karanta abin da ya rubuta, ya rufe da cewa shi bai kama sunan kowa ba, amma buhu in an ce tiya arba'in ne aka auna aka sami talatin da takwas, ai ba buhun ne ya ci ba.

Na tashi na ɗauki alli. Na zana dogon akwati a allo, na yayyanka shi, na yi bayanin kanel da rabonta. Ina cikin yi mai sito ya katse ni, ya ce shi tun da yake bai taɓa jin ma'aji ya ce kayan ajiya sun ci kansu ba. Nan fa raina ya ɓaci. Ina da saurin fushi tun ina yaro, ranar kuwa ya ci ni. Na ce masa wanda bai san bambancin kwamfuta da akwatin talabijin ba, kamata ya yi ya yi shiru in masu sani suna magana. Sa'an mahaifina ne. Na ga iyayen nan sun sunkuyar da kai, na san daga lokacin duk abin da zan faɗa ya rage daraja.

Alhaji ya ɗaga yatsu uku, ya lanƙwashe biyu, ya ce waɗannan sun ji inda suka shiga, ɗayan fa? Na ce ban gano shi ba tukuna, amma tabbas yana cikin rabon injin. Ya ce in ban gano shi ba, ta ina na san tabbas ne? Tambaya ce ta gaskiya, irin wadda ni kaina nake yi wa ɗalibai. Don in fita daga ciki sai na ce gani ya kori ji, a kawo sukundireba in buɗe akwatin kowa ya ga allon yana nan lafiya.

Na kwance murfin, suka taso suka leƙa. Allon memorin yana nan a gurbinsa. Kusa da shi kuma ga wani gurbin, irinsa sak, babu komai a ciki. Na manta da shi sam. Masu ƙera injin sukan bar gurbi na biyu ne domin wanda yake son ƙari nan gaba, haka suke zuwa. Na faɗi haka, na ce bari ma in buɗe sauran su gani, duk haka suke. Na buɗe biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya, kowanne da gurbinsa fanko. Ni ina ganin na kawo hujja ne, su kuwa gurbi shida suka gani waɗanda ba komai a ciki. Mutumin Kara ya sa yatsa ya shafa ɗaya daga ciki, ya duba yatsan, ya koma ya zauna.

Alhaji ya daɗe yana kallon abokina, sannan ya juyo gare ni.

"Malam, ajiye allin nan," in ji shi. "Mu ba mu san mega ba, kai ma ka ce akwai wanda ba ka sani ba. Amma mutum ai ana saninsa. Shekara tara kuna zaune a teburi ɗaya. Ka shaide shi?"

Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da dattijon ya yi. In magana ta cukurkuɗe, babu wanda ya gani da ido, shaidar mutum ɗaya da aka yarda da shi takan kashe ta. Ni ɗan ƙasa ne, an san gidanmu a Kabo, an san mahaifina. Da na ce na shaide shi, da Alhaji ya shafa fatiha an watse, ko mai sito ba zai ƙara ɗaga zancen ba. Hanya ya buɗe mana, ni da abokina, kuma na gane hakan sarai a lokacin.

"Alhaji, ni abin da na lissafa shi zan iya shaida," na ce. "A ba ni lokaci in gano ɗayan."

Na gaya wa kaina gaskiya nake karewa, ba na faɗin abin da ban tabbatar ba. Akwai wannan, ba na musu. Amma akwai ɗan tunanin nan na hanyar Kabo da bai gama fita ba, akwai kuma tsoro. Na ji tsoron a ce a shekarar shari'a malam wane ya tashi gaban dattawa ya tsaya wa wanda ba musulmi ba a kan zargin sata, in kuma daga baya wani abu ya fito, da wane ido zan shiga masallacin unguwarmu. Babu wanda ya tsorata ni, babu wanda ya ce min kada in yi. Addinin da nake tsoron a ce na saɓa wa shi ne ma ya hana ɓoye shaida. Ni na zaɓa da kaina.

Alhaji ya ce to. Suka yi ƙus-ƙus da shugaban makaranta, aka yanke cewa a rufa asiri, ba za a rubuta wa kowa takarda ba, ba a kuma ce kowa ya ɗauki komai ba. Sai dai mabuɗin ɗakin ya koma hannun wani har a gano gaskiya. Wanin kuwa ni ne. Abokina ya ciro mabuɗin daga cikin na gidansa, zoben ya yi tauri sai da ya sa haƙori, ya miƙo min ba tare da ya kalle ni ba. Ya yi wa dattawan sallama ɗaya bayan ɗaya, ya fita.

Asirin da aka ce an rufa bai kai magariba ba. Mutane suka ce ruwa ba ya tsami banza, in bai ɗauka ba me ya sa aka karɓe mabuɗi, kuma ga abokinsa na kusa ma ya ƙi shaidarsa. Wannan na ƙarshen shi ya fi yawo. Da aka dawo hutu, yakan shiga aji ya tarar an rubuta sittin da huɗu a cire uku a kan allo, ya goge ya fara darasi. Mata suka riƙa aikowa a karɓo musu yadinsu daga wajen matarsa tun ba a yanka ba, kowacce da uzurinta. Babbar 'yarsa ta daina zuwa famfon unguwa saboda abin da aka kira ta a can. A ɗakin malamai bai sauya teburi ba, yana gaishe ni kullum, yana tambayar iyali da hanya. Tsokanar ce kawai ta tsaya, kuma rashinta ya fi min zafi da a ce zagina yake yi. Ban ba shi haƙuri ba. Na ƙudurta cewa in na gano megan nan komai zai gyaru, sai na dage da nema kamar shi ne matsalar.

Mako na shida bayan zaman nan na sami zuwa Kano wajen malamin da ya koyar da mu a kwas. Na nuna masa layukan da na kwafa. Ko minti uku bai yi ba. Ya ce kanel takan yayyanka memori gaba ɗaya zuwa ƙananan shafuka, kowanne kilobait huɗu, wato ɗan mitsitsin yanki na mega, kuma kowane shafi sai ta buɗe masa ɗan bayani: wa ke riƙe da shi, ko ba kowa, ko an taɓa shi. Wannan rajistar ita ma a cikin memorin take zaune. Ya ce a irin wadda ke kan injinanmu kowane bayani bait sittin da huɗu ne, bait kuwa shi ne ƙwayar ma'aunin, sai sun haura miliyan suke cika mega, in je in ninka. A tasha na ninka, a bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa. Shafi dubu goma sha shida da ɗari uku da tamanin da huɗu ne a memorin inji ɗaya, sau bait sittin da huɗu. Mega ɗaya cif, ko ɗigo bai ragu ba. Injin ya kashe shi ne wajen lissafin sauran.

Na rubuta komai da kyau a takarda mai layi. Shugaban makaranta ya duba sama-sama, ya ce maganar ai ta wuce, kada in tayar da ita. Na hau babur na tafi Getso, na sami Alhaji a rumfarsa ana auna masa wake. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce zai faɗa a zaman kwamiti na gaba, wanda saura wata biyu. Takardar ko karɓa bai yi ba. A wajensa na ji cewa abokina ya ajiye aiki tun farkon makon, jibi za su tashi. Teburinmu ɗaya, amma ni ban sani ba.

Da safiyar ranar na je gidan. Akori-kura tana tsaye a ƙofa, an ɗora katifu da buhunan kaya, ana ɗaure keken ɗinkin matarsa da igiya. Maƙwabta biyu ne kawai suka fito taya su. Matar ta gaishe ni a ladabce ta shige ciki. Muka gaisa da shi, ya tambayi mutanen Kabo, na tambayi shirin tafiya. Sannan na ciro takardar na miƙa masa, ina ta bayanin shafuka da rajista, ina cewa ga shi nan an gano, yanzu kowa zai sani, ya dakata ko na wata biyu ne.

Ya ɗora takardar a kan murfin motar, ya ciro biro daga aljihu, ya sake yin ninkin da kansa a gefe, layi-layi, kamar yana duba aikin ɗalibi. Da ya gama ya ninke ta ya mayar min.

"Daidai ne, Malam," in ji shi. "To da ba ka gano shi ba fa?"

Direba ya danna hon. Ya ɗaga ƙaramin ɗansa ya miƙa wa uwar a gaban mota, ya ce in gaida gida, ya kama ƙarfe ya hau baya ya zauna a kan buhu. Na san amsar tambayarsa, shi ma ya san ta, shi ya sa bai tsaya jira ba.